Wasan Ɓoyon Akwati da Na'urar GPS

'Yan'uwa manoma, idan baƙo ya tambayi ɗayanmu inda gonarsa take, ga irin amsar da zai samu: ka bi hanyar kasuwa, ka wuce kukar nan mai kogo, ka haye rafi, sa'an nan ka duba hannun hagu inda suri yake. Kwatance ne mai kyau muddin kukar tana tsaye, rafin kuma bai sake hanya ba. Amma kuka takan faɗi, suri yakan rushe, dattijon da ya san iyaka kuma yakan rasu. Akwai wata hanyar kwatanta wuri wadda ba ta dogara ga itace ko dutse ba, wato da lambobi. Kowane wuri a bayan ƙasa yana da lambobinsa kashi biyu, akwai kuma 'yar na'ura ta riƙewa a hannu da take karanta su. Sunanta GPS.

Da yawa cikinku kun riga kun gan ta a hannun malamin gona, ko ma'aikatan da sukan zo awon gonaki kafin a ba da rancen taki. Su zagaya gona, su danna maɓalli, su rubuta abin da za su rubuta, su tafi, mai gona kuwa yana tsaye yana kallo. A wannan fitowa muna so mu ba ku labarin wani wasa da mutanen Amurka suka ƙago da wannan na'ura. Kada ku yi saurin cewa wasan masu ƙoshi ne. Gaskiya masu ƙoshi ne suka fara shi, amma a ganinmu babu makarantar koyon GPS mai araha kamarsa.

Yadda na'urar take sanin inda take

Sojojin Amurka ne suka shirya GPS domin aikinsu. Sun ɗauki shirin a 1973, suka harba tauraron ɗan'adam na fari a 1978, suka yi ta ƙarawa har taurarin suka kai 24 a 1993. A 1995 aka ce aikin ya kammala. Taurarin suna can sama nisan kilomita 20,200, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a kwana ɗaya. An jera su yadda duk inda mutum ya tsaya a fili, dare ko rana, akwai aƙalla huɗu a bisa kansa, ko da yake ido ba ya ganinsu.

Kowane tauraro yana ɗauke da agogo mai tsananin daidai, yana kuma aiko da saƙo ta iska kamar tashar rediyo, ba fasawa. Abin da saƙon yake faɗa biyu ne kawai: ga inda nake, ga kuma lokacin da na yi magana. Na'urar hannu takan duba tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta san nisan tauraron. Mu ma muna yin irin wannan lissafi da damina ba tare da mun lura ba. In walƙiya ta haska, tsawa ta biyo nan take, mun san hadarin yana kanmu. In ta jinkirta, mun san yana nesa. Bambancin kawai shi ne saƙon tauraro yana gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Saboda haka in agogo ya yi kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, an ɓata mita 300 ke nan.

Nisa ɗaya bai isa ba. Ku tuna da akuya a turke. In an ce igiyarta taku goma ce kuma ta miƙe sarai, akuyar tana iya zama ko'ina a kewayen turken. In aka ɗaure ta ga turke biyu, igiyoyin duka a miƙe, wuri biyu kaɗai take iya tsayawa. Da turke uku kuwa, wuri ɗaya tak. Taurarin su ne turaku, nisansu kuma shi ne igiya. Na huɗun aikinsa gyaran agogon na'urar ne, gama agogon da yake cikin abin da talaka zai iya saya ba zai kai na tauraro daidai ba.

Abu biyu ya kamata ku riƙe a nan. Na fari, na'urar saurara kawai take yi, kamar akwatin rediyo, ba ta aika wa tauraro kome. Na biyu, ba a biyan ko kwabo domin wannan saƙo. Wayar salula ta zamani tana da GPS a cikinta, tana kuma iya nuna lambobin wuri ko a dajin da babu sabis, ko babu kuɗi a layi. Har wa yau, ba Amurka kaɗai take da irin waɗannan taurari yanzu ba. Rasha tana da nata, Tarayyar Turai da Sin ma haka, sababbin na'urori kuwa suna sauraron su gaba ɗaya.

Daren da aka daina ruɗin jama'a

A ranar 1 ga Satumba 1983 wani jirgin saman fasinja na Koriya ta Kudu ya ɓata hanya, ya shiga sararin Tarayyar Sobiyet, aka harbo shi. Mutum 269 suka mutu. Bayan haka Shugaba Reagan ya yi alkawari za a bar farar hula su yi amfani da GPS. A 1989 kamfanin Magellan ya fito da na'urar hannu ta sayarwa ga kowa, kuɗinta kusan dala 3,000, girmanta kamar bulo ƙarami. A shekarar ce kuma aka kafa kamfanin Garmin, wanda daga baya ya yi 'yar rawayan nan mai suna eTrex, mai cin batir biyu ƙanana.

Amma sojoji ba su saki abin duka ba. Da gangan suke gurɓata saƙon da farar hula suke samu, don kada abokan gaba su more shi. Na'ura takan ce kana nan, alhali kana iya zama mita 100 daga wurin. Ga matuƙin jirgin ruwa a tsakiyar teku wannan ba kome ba ne. Ga mai neman kusurwar gona kuwa ba shi da amfani, gama mita 100 ita ce faɗin kadada guda. A ranar 1 ga Mayu 2000 Shugaba Clinton ya ba da sanarwar za a daina wannan gurɓatawa, cikin daren nan kuma aka daina. Mutane suka wayi gari suka tarar tsofaffin na'urorinsu sun ƙara daidai kamar sau goma, ba tare da sun sayi kome ba.

Bokitin Dave Ulmer

Wani ma'aikacin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya so ya gwada ko da gaske ne. Ran 3 ga Mayu 2000 ya ɗauki baƙin bokitin roba mai murfi, ya zuba littattafai, da kaset na bidiyo, da 'yan kuɗi, da danƙon harbin tsuntsu, da gwangwanin wake, da littafin sa hannu da fensir. Ya kai shi cikin kurmi kusa da Beavercreek a Jihar Oregon, ya ɓoye, ya karanta lambobin wurin a na'urarsa, ya sanar da su ta intanet. Sharaɗinsa ɗaya ne: wanda ya samu ya ɗauki wani abu, ya bar wani abu, ya sa hannu a littafi. Cikin kwana uku mutum biyu suka gano bokitin. Wani mai suna Mike Teague ne ya fara sa hannu.

Kafin watan ya ƙare wasu sun ɓoye nasu akwatuna a jihohi dabam dabam, har da ƙasashen waje. Ran 30 ga Mayu wani Matt Stum ya raɗa wa wasan suna jiyokashin, daga kalmomi biyu masu ma'anar ƙasa da maɓoyar kaya. Wannan suna ba ya yi wa kunnen Bahaushe daɗi, kowa kuwa ya san dalili, don haka mu za mu kira shi wasan ɓoyon akwati. A watan Satumba na shekarar Jeremy Irish na birnin Siyatil ya buɗe Geocaching.com domin a tara lambobin a wuri ɗaya. Akwatuna 75 ne a lokacin. A 2010 suka kai miliyan ɗaya, a 2013 miliyan biyu, a 2017 miliyan uku, a ƙasashe wajen 190. Amurka da Jamus ne kan gaba. A nahiyarmu Afirka ta Kudu ta fi yawa, a ƙasashenmu kuwa kaɗan ne ƙwarai. Har a tashar sararin sama ta ƙasa da ƙasa akwai guda, wani attajiri mai suna Richard Garriott ne ya bar shi can a 2008.

Bokitin na fari bai daɗe ba, injin yankan ciyawar bakin hanya ya farfasa shi. A 2003 'yan wasan suka kafa allon ƙarfe a wurin don tunawa, har yau mutane suna zuwa gani. Tunanin ma ya girmi GPS da nisa. Tun 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a wani fadama mai wuyar zuwa a tsaunukan Dartmoor na Ingila, domin duk wanda ya iya kai wa can ya bar katin sunansa. Su da kwatance suke yi, irin na kuka da suri. Ulmer lambobi ya kawo.

Dokokin wasan

Babu alƙali, babu ɗan sanda, babu mai gadi. Akwatin yana zaune a kogon itace ko ƙarƙashin dutse shekara da shekaru, baƙi suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya buɗe, ya sa hannu, ya mayar da shi daidai inda ya same shi. In ya ɗauki abu, sai ya bar wani da ya kai shi daraja ko ya fi. Abin da yake ciki ba wani abin kirki ba ne, 'yan kayan wasan yara ne, da maɓallai, da tsabar kuɗin wata ƙasa. Wasu akwatunan ma ba su fi kan yatsa ba, takardar sa hannu kaɗai suke ɗauka. Duk da haka akwai wanda aka ɓoye a Jihar Kansas tun 11 ga Mayu 2000, ana kiransa Mingo, har yanzu ana zuwa nemansa. An sha sace shi, an sha mayar da wani a gurbinsa. Duk ma'ajin ƙungiya da ya taɓa bin mutane bashin iri ya san irin nauyin wannan magana.

Sauran dokokin sun zo ne daga wahalar da aka sha. Ba a haƙa rami a binne akwati. Ba a ɓoyewa a filin wani sai da izininsa. Ba a sa abinci, gama dabbobi za su ji ƙanshi su yaga akwatin. Ba a sa wuƙa, ko harsashi, ko magani, tun da yake yara ma suna wasan. Tsakanin akwati da akwati sai an bar mita 161, wato kashi ɗaya cikin goma na mil. Mai ɓoyewa yakan ba akwatinsa maki daga 1 zuwa 5 kan wuyar ganowa, da wani makin kan wuyar hanya, domin tsoho ko mai ɗauke da yaro ya san abin da zai tarar. Tun 2002 kuma suna da al'adar tafiya da jaka, su kwashe sharar da suka gani a hanya.

Akwai wani ƙari mai ban sha'awa. Akan ɗaura wa ƙaramin abu 'yar takardar ƙarfe mai lamba, a rubuta inda ake so ya je. Wanda ya same shi ba ya riƙewa, sai ya kai shi wani akwati na gaba, ya ba da labari. Da haka abu yakan ƙetare teku ta hannun mutanen da ba su taɓa ganin juna ba. Gwangwanin waken nan na Ulmer ma an tsince shi daga baya, ya yi tsatsa, aka mai da shi irin wannan matafiyi.

Taku goma na ƙarshe

Ga abin da kowane ɗan wasa yakan koya a rana ta fari, wanda kuma ya fi kome amfani a gare mu. Ka shigar da lambobi, na'ura ta nuna kibiya, ta ce saura mita 800. Ka bi. Saura 200, saura 50, saura 10. Daga nan sai kibiyar ta fara rawa. Ta ce gabas, ka yi taku uku ta ce yamma. Ka tsaya cik, lambobin suna ta canzawa da kansu. Sabon shiga yakan yi ta kewaya yana kallon gilashin na'ura, alhali akwatin yana bayan ƙafarsa. Tsohon hannu kuwa da ya ga saura mita goma sai ya sa na'urar a aljihu, ya tambayi kansa: in ni ne, ina zan ɓoye?

Dalili shi ne na'urar hannu ko waya, a fili mai sarari, takan yi kuskuren mita uku zuwa biyar. Na'urar mai ɓoyewa ta yi nata kuskuren, ta mai nema ta yi nata, sai su haɗu. Ƙarƙashin itatuwa masu duhu, ko gindin dutse, ko tsakanin dogayen gine-gine, abin yakan fi haka muni, gama saƙon yakan bugi wani abu ya karkato kafin ya iso, kamar amsa-kuwa. Gajimare da ruwan sama ba su cika damunta ba. Inuwar mangwaro ta fi hadari ɓata mata lissafi.

Wanda ya yi wannan rawar da ƙafarsa sau biyu ko uku, ba wanda zai ƙara ruɗinsa da cewa inji ba ya kuskure. In wani ya zo da waya ya ce iyakar gonarka ta shiga tasa da taku biyu, kai ka riga ka san taku biyu yana cikin kuskuren wayar.

Karanta lambobin

Lambobin bokitin Ulmer su ne N 45° 17.460 da W 122° 24.800. Na fari yana faɗin nisan wuri daga ikwaita, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu. N arewa ke nan, S kudu. Na biyu yana faɗin nisa daga wani layin da ya ratsa Girinwic a Landan, ya gangaro ta Aljeriya da Mali da Burkina Faso, ya faɗa teku a Tema ta Gana. E gabas da layin, W yamma. Duk wanda yake Nijeriya ko Nijar zai ga N da E kullum. 'Yan'uwanmu na Kumasi da Tamale za su ga N da W. Kano tana wajen digiri 12 arewa, digiri 8 da rabi gabas.

Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kilomita 111 ne. An raba shi minti 60, kowane minti kusan kilomita biyu. Lamba ta ƙarshe cikin ukun da suke bayan ɗigo ba ta kai mita biyu ba. Saboda haka kuskure a lambar ƙarshe ba abin damuwa ba ne, amma kuskure a ta gaba yana iya kai ka wani gari.

Tarko biyu ne suke kama mutane. Wata na'ura tana rubuta digiri da minti, wata kuma, musamman waya, digiri da ɗigo kawai. 11.50 a waya daidai yake da digiri 11 da minti 30. In magatakarda ya kwafe shi kamar digiri 11 da minti 50, ya tura gonar kilomita 37 zuwa arewa. Tarko na biyu shi ne ma'aunin da aka ɗora lambobin a kai. GPS tana aiki da wanda ake kira WGS 84. Tsofaffin taswirorin safiyo na Nijeriya kuwa an yi su bisa ma'aunin Minna, bambancin su biyun ya wuce mita 50. Duk lokacin da kuka rubuta lambobi a littafin ƙungiya, ku rubuta irin tsarin da ma'aunin a gefe.

Awon gona

Kusan kowace na'urar hannu tana da wurin auna fili. Ka tsaya a kusurwa, ka jira minti biyu ko uku lambobin su natsu, ka danna, ka bi iyaka a hankali har ka komo inda ka fara, ka sake dannawa. Sai ta ba ka girman gonar. Kadada ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato mita 100 tsawo da 100 faɗi, kusan eka biyu da rabi.

Me ya sa wannan ya dame mu? Tun 2010 Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya tare da Bankin Duniya suke binciken gidajen manoma, suna tambayar mai gona girman gonarsa, sa'an nan su auna da GPS. An yi irin wannan a wasu ƙasashen Afirka ma. Abin da aka yi ta gani shi ne masu ƙananan gonaki sukan faɗi fiye da abin da suke da shi, masu manya kuwa sukan faɗi ƙasa da shi. Ba ƙarya suke yi ba. Ba wanda ya taɓa auna musu ne, mutum kuwa yakan cika lissafi zuwa lamba mai sauƙin faɗa.

Bari mu yi misali. Wani ya rubuta kadada 2 a takardar rance, gonar kuwa ɗaya da rabi ce. A ce ana ba da taki buhu 6 ga kadada. Zai karɓi buhu 12 maimakon 9, da iri da maganin ciyawa na kadada 2. Mai tarakta ma zai caje shi kuɗin kadada 2. In ya juye maganin duka a gonar, ya wuce ƙa'ida da kashi ɗaya cikin uku, amfanin gona yana iya ƙonewa. Da kaka kuma masarar kadada ɗaya da rabi ce za ta biya bashin kadada 2. In ya kasa, ƙungiyar da ta tsaya masa ce za ta biya, wato ku. Rabin sa'a na zagaya gona da rani ya fi wannan sauƙi.

Amma ku lura, ƙaramin fili ba na GPS ba ne. Lambun da yake mita 20 da 20, in na'ura ta kauce mita uku waje ta kowane gefe, za ta ba da murabba'in mita 676 maimakon 400. A kadada guda irin wannan kaucewa kashi 12 cikin ɗari ne kawai, sau da yawa ma bai kai haka ba, gama kuskuren wani gefe yakan cinye na wani. Domin lambu da fadama ƙanana, igiya mai ƙulli ko tef ya fi. Gona babba kuwa a zagaya ta sau biyu, in amsoshin sun yi nesa da juna a sake na uku.

Sai maganar iyaka, a nan kuwa muna roƙonku ku yi hankali. Na'urar tana faɗin inda wuri yake, ba ta faɗin na wane ne. Lambar da mutum ya ɗauka shi kaɗai da sassafe ba shaida ba ce. In ƙungiya tana so ta rubuta iyakokin 'yan'uwa, a kira maƙwabta na kowane gefe, da mai unguwa, da dattawan da suka san tarihin wurin, a yarda da baki tukuna, sa'an nan a karanta lambobin kowa yana gani, a rubuta, a sa hannu. Kada kuma a tumɓuke gamba ko bini-da-zugu da aka shuka a kan iyaka don an sami lambobi. Lambobin za su kawo jikanka kusa da wurin, gambar ce za ta nuna masa layin. Takardar mallakar fili ta gwamnati kuwa aikin safiyo mai lasisi ne, kayan aikinsa suna auna har zuwa santimita. Haka nan inda burtali ya bi ta gefen gonaki, a auna shi tare da makiyaya da sarakuna, kada manoma su yi shi su kaɗai.

In ƙungiyarku tana so ta gwada

Ba sai kun shiga intanet ba. Na'ura ɗaya ko waya biyu sun isa. Da rani, bayan an gama girbi, ku zaɓi mutum biyu su ɓoye robobi biyar masu murfi a filin ƙungiya ko na makaranta, kowace da 'yar takarda da guntun fensir. Su rubuta lambobin a allo. Sauran su rabu kashi kashi, kowane kashi da matashi mai iya karatu, da dattijo, da mace. Muna nanata wannan, gama in aka bar wa samari kaɗai, ilimin zai bi su birni ran da suka tafi ci-rani. Wanda ya riƙe na'ura a roba ta fari ya miƙa wa wani a ta biyu. Bayan an gama, kowane kashi ya auna filin ƙwallo, a gwada amsoshin a allo. Ba za su zo ɗaya ba, gardamar da za ta biyo baya kuwa ita ce darasin.

Akwai abin da ya kamata mu faɗa a fili. A watan Yuli 2011, a garin Wetherby na Ingila, wani ya ga mutum yana ɓoye 'yar roba a bakin titi, ya kira 'yan sanda. Aka rufe kantuna na wasu sa'o'i, sojoji masu kwance bam suka zo suka fasa robar. Akwatin wasa ne. In haka ta faru a ƙasar da aka san wasan, ku auna abin da zai faru a wurarenmu da suka sha tashin hankali. Kada a ɓoye kome kusa da kasuwa, ko tasha, ko gada, ko barikin soja, ko wurin ibada na kowa. A gaya wa mai unguwa da 'yan banga kafin a fara. A yi amfani da roba mai haske da ake ganin cikinta, a rubuta sunan ƙungiya a jiki da manyan baƙaƙe. Kada a tura yara daji su kaɗai.

Dokar nan ta hana binnewa ma ta fi nauyi a wurinmu. Kowa ya san abin da mutum zai zata in ya ga maƙwabcinsa ya durƙusa yana tura wani ƙulli a ƙasa a gefen gonarsa. Ba za a ce wasa ba ne, za a ce asiri ne, zumuncin shekara ashirin kuma yana iya lalacewa kafin a gama bayani. A ɓoye a sarari, a filin da kowa ya yarda, da rana tsaka. Kafin a sa hannu a kogon itace ko ƙarƙashin dutse, a fara tura sanda, saboda maciji da kunama. In an tashi, a ƙirga robobin a kwashe su duka.

Na'urar ƙungiya ta zauna a hannun ma'aji, a rubuta sunan duk wanda ya ara da ranar da ya mayar. A cire batir in za a ajiye ta fiye da wata ɗaya, gama batir yakan zubar da ruwa ya cinye ƙarfen ciki. Lambobin rijiya, da rumbun ƙungiya, da kusurwoyin kowace gona kuwa, kada a bar su cikin na'ura ko waya kaɗai. A kwafe su da biro a littafi biyu, ɗaya wurin magatakarda, ɗaya wurin shugaba.